Buhu 418 da suka koma -2146287773: kuskuren rajista a ƙofar kenel

A wani ɗaki da ke saman shagunan gyaran waya a hanyar Bauchi, cikin Jos, wasu matasa masu koyon rubuta manhaja suna haɗuwa duk Asabar tare da wani malaminsu. Aikin da suka sa a gaba shi ne gina ƙaramin kenel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, domin furosesa mai bit 64 irin ta Intel da AMD. Galibinsa da harshen C suke rubutawa, sai 'yan wuraren da tilas a sauka zuwa asambuli, harshen da ake rubuta umarnin furosesa kai tsaye da shi, kuma a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, suke gwada shi a kan kwamfutocinsu na gwanjo. Tun farko suka ɗauki lambobin kiran tsari na Linux, wato bukatun da manhaja ke miƙa wa kenel: `read` shi ne 0, `write` 1, `open` 2, `exit` 60. Ba wani dogon tunani suka yi a kai ba, sauƙi kawai suka nema, amma wannan zaɓi ne ya rage musu wahala daga baya.

Manhajar gwajin ƙarama ce. Ɗaya daga cikinsu yana taimaka wa wani dillalin dankalin turawa da lissafi a kasuwar Farin Gada, sai ya kawo fayil mai ɗauke da lodin motoci 12, kowace lamba a bayit 8, jimillarsu buhu 418. Manhajar tana karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya tana tarawa:

```
static inline long kira3(long n, long a, long b, long c)
{
    long r;
    __asm__ volatile ("syscall"
        : "=a"(r)
        : "a"(n), "D"(a), "S"(b), "d"(c)
        : "rcx", "r11", "memory");
    return r;
}

long tara(long fd)
{
    long jimla = 0, buhu;
    while (kira3(0, fd, (long)&buhu, 8) == 8)
        jimla += buhu;
    return jimla;
}
```

Makonni ana harhaɗa ta da GCC, mai juya C zuwa umarnin furosesa, a matakin `-O0` inda ba ya gyara umarni don sauri, tana ba da 418. Ranar da aka sauya zuwa `-O2`, matakin da yake gyara umarni don sauri, ba a taɓa layi ko ɗaya ba a kenel ko a manhajar, sai allo ya nuna -2146287773. Aka sake kunnawa, lambar nan dai. Aka koma `-O0`, 418 ta dawo.

"Malam, GCC ɗin nan ne ya lalace, a sauko da wani," in ji wanda ya rubuta ƙofar kenel ɗin, wato umarnin da kiran tsari ke bi ya shiga kenel ya fita. Malamin bai musa masa ba, cewa ya yi su ɗauki wannan fayil da `-O2` ya fitar, yadda yake, su kunna shi a kan Linux. Da yake manhajar ba ta jingina da wani laburare ba, kuma lambobin kiran iri ɗaya ne, ta tashi lafiya ta ba da 418. `strace`, mai bin sawun kiran tsari, ya nuna kiran `read` sau 13: goma sha biyu sun dawo da 8, na ƙarshe ya dawo da 0 alamar fayil ya ƙare. Ashe an bar jaki ana dukan taiki. Umarnin da GCC ya fitar daidai suke, kenel ɗin ne ba ya cika abin da ake tsammani daga gare shi.

Abin da lambar take faɗa

Duk lambar banza da ta fito daga kwamfuta, a fara juya ta zuwa hekza, wato ƙirga mai tushe 16, kafin a yi wani zato. -2146287773 a bit 64 ita ce `0xffffffff80123f63`. Wanda ya saba da wannan fanni yana ganin `ffffffff80` ya san daga inda ta fito: kenel ɗin da aka harhaɗa da `-mcmodel=kernel` yana zaune ne a gigabayit biyu na ƙarshen fagen adireshi, daga `0xffffffff80000000` zuwa sama. Lodin motar farko buhu 35 ne, `0x23` ke nan. In aka cire shi, saura `0xffffffff80123f40`. Da aka duba da `nm`, mai nuna adireshin kowane suna a fayil, teburin fayilolin da aka buɗe yana farawa daga `0xffffffff80123e80`, kowane gurbi bayit 64, saboda haka gurbin fayil mai lamba 3 yana bayit 192 gaba, daidai kan `0xffffffff80123f40`. Jimillar da aka gani ba komai ba ce illa adireshin cikin kenel da aka ɗora wa buhu 35.

Yadda adireshin ya shiga lissafin dankali ya bayyana da aka warware `tara` zuwa asambuli da `objdump`. In aka share abin da bai shafe mu ba, ga yadda take:

```
    lea  rsi, [rsp-8]
    mov  edx, 8
    xor  r8d, r8d
    jmp  .kira
.tara:
    add  r8, [rsp-8]
.kira:
    xor  eax, eax
    syscall
    cmp  rax, 8
    je   .tara
    mov  rax, r8
    ret
```

GCC ya ajiye `jimla` a `r8`, ɗaya daga rajistoci, wato ƙananan wuraren ajiya da ke cikin furosesa. Ya loda `rsi` da `rdx` sau ɗaya tak kafin zagayen ya fara, `rdi` kuwa bai ma taɓa ta ba tunda lambar fayil tana ciki tun shigowa. A kowane zagaye `rax` kaɗai yake sabuntawa. Yana da hurumin yin haka, domin an faɗa masa cewa `syscall` ba ya ɓata komai sai `rax` da `rcx` da `r11` da memori.

Sai aka kunna QEMU da `-s -S`, aka haɗa GDB, manhajar bin sawun kuskure, ta `target remote :1234`, aka sa wurin tsayawa biyu da `hbreak`, ɗaya a umarnin farko na ƙofar, ɗaya a kan `sysret`, umarnin komawa ga manhaja. A shiga, `rdi` 3 ce, `rsi` tana `0x7fffffffdfe0`, `rdx` 8, `r8` sifili. A fita, `rdi` ta zama `0x7fffffffdfe8`, `rsi` ta koma wani adireshin kenel, `r8` tana riƙe da manunin teburin nan, `rdx` ce kawai ta tsira, ita ma bisa sa'a. Sauyin `rdi` da `rsi` sawun `rep movsb` ne, umarnin da kenel ɗin ke kwafa da shi: yana ɗauka daga `rsi` ya zuba a `rdi`, yana tura kowacce gaba da bayit ɗaya ɗaya. A kira na biyu kenel ya karɓi rabin ƙasa na `rdi` a matsayin lambar fayil, wato -8216, ya ce babu irin wannan fayil, ya mayar da -9. Zagayen ya ga ba 8 ba ce, ya fita shiru. Nan ma akwai laifin manhajar kanta: sharaɗin `== 8` ya haɗa ƙarewar fayil da kuskure ya yi musu kuɗin goro, da ta buga -9 ɗin nan da tuni an gane.

Yarjejeniya biyu a ƙofa ɗaya

Ga ƙofar yadda take a lokacin, a salon NASM:

```
shiga_kira:
    swapgs
    mov  [gs:8], rsp
    mov  rsp, [gs:0]
    push rcx
    push r11
    mov  rcx, r10
    call [tebur_kira + rax*8]
    pop  r11
    pop  rcx
    mov  rsp, [gs:8]
    swapgs
    o64 sysret
```

Wanda ya rubuta wannan ya yi karatu. Ya san umarnin `syscall` yana zuba adireshin komawa a `rcx`, ya zuba tutocin furosesa a `r11`, sannan ya yi tsalle zuwa adireshin da ke cikin LSTAR, rajista ta musamman mai lamba `0xC0000082`. Ya san umarnin ba ya sauya sitak, wato tarin da ake jibge bayanai a kai ana ɗebewa daga sama, shi ya sa ya sauya da hannu ta hanyar `gs`, rajistar da ke nuna wurin ajiyar kenel bayan an yi `swapgs`. Da ya yi `push` ko ɗaya a kan sitak ɗin manhaja, da ya tattake `buhu`, wanda ke zaune a `rsp-8`, cikin bayit 128 da ƙa'ida ta bar wa kowane fankishin ya yi ajiya a ƙasan `rsp`. Har ma ya san dalilin `mov rcx, r10`. Abu ɗaya ya kuɓuce masa: ya ɗauka kiran tsari kiran fankishin ne da aka canza wa suna.

Yarjejeniya ta farko ita ce ta System V, wadda fankishin na C ke bi a tsakaninsu. Abubuwan da ake miƙa wa fankishin, mu kira su guzuri, suna tafiya a `rdi`, `rsi`, `rdx`, `rcx`, `r8`, `r9` bi da bi, amsa ta dawo a `rax`. Rajistoci shida amana ne a hannun wanda aka kira: `rbx`, `rbp`, da `r12` zuwa `r15`, in ya taɓa su sai ya mayar yadda ya same su, haka ma `rsp`. Sauran tara, wato `rax`, `rcx`, `rdx`, `rsi`, `rdi` da `r8` zuwa `r11`, ba amana ba ne. Mai kira in yana son abin da ke cikinsu ya adana da kansa, wanda aka kira zai yi yadda ya ga dama da su.

Ta biyu ita ce ta kiran tsari a Linux. Lambar kira a `rax`, guzuri a `rdi`, `rsi`, `rdx`, `r10`, `r8`, `r9`. Na huɗu ya ƙaura zuwa `r10` ne saboda furosesa ta riga ta ƙwace `rcx`. Amsa a `rax`, kuma duk abin da ya faɗa tsakanin -4095 da -1 kuskure ne. Babban bambancin yana wajen amana: a nan komai amana ne, ban da `rax` da `rcx` da `r11`.

In aka jera biyun, rajistoci shida ne suka faɗa tsakani: `rdi`, `rsi`, `rdx`, `r8`, `r9`, `r10`. Manhaja tana ganin kenel zai riƙe mata su, fankishin na C da ke cikin kenel yana ganin wanda ya kira shi ya riga ya adana su. Wanda ya kira shi kuwa ƙofar ce, ita ce kaɗai wurin da yarjejeniyar biyu suka haɗu, kuma ba ta adana ko ɗaya ba.

Dalilin da `-O0` ya rufa asirin a fili yake. A wannan mataki GCC ba ya narkar da `kira3` cikin `tara`, wato ya zuba umarninta kai tsaye a ciki, kiranta yake yi kamar kowane fankishin, kuma duk ma'aji yana zaune a sitak, ana ɗauko shi duk lokacin da ake bukata. Babu abin da ke kwana a rajista har ya tsallake kira. Kenel ɗin yana ɓarnar tun ranar farko, ba wanda ya bar kayansa a wurin ne balle ya ga an taɓa.

Irin wannan ta taɓa samun manya. A 2008, GCC 4.3 ya daina saka umarnin `cld` kafin umarnin kwafa, bisa hujjar cewa ƙa'ida ta ce tutar alkibla, mai faɗin ko kwafi zai tafi gaba ko baya, a kashe take a farkon kowane fankishin. Sai ga shi Linux ba ya kashe tutar kafin ya shiga fankishin mai karɓar sigina, wato sanarwar da kenel ke aika wa manhaja. Shekaru ana tafiya a haka ba wanda ya lura, har ranar da mai harhaɗawa ya fara dogara da abin da aka rubuta. A kenel aka yi gyaran.

Gyaran da aka ƙi da wanda aka ɗauka

Shawarar farko da ta zo ita ce a hana GCC narkar da `kira3`, a sa mata `noinline`. Wannan rufe ido ne. A `-O2` akwai `-fipa-ra`, wanda ke ba GCC damar leƙa fankishin da ke fayil ɗaya ya ga rajistocin da yake ɓatawa a zahiri, ya ci gaba da ajiya a sauran. Matsalar za ta iya dawowa ta wata kafa.

Ta biyu ta fi ma'ana: a faɗa wa GCC gaskiya, a ƙara rajistoci shidan nan cikin waɗanda kira ke ɓatawa. Mai kenel yana da ikon kafa tasa yarjejeniyar, ba dole ne ya bi ta Linux ba. Amma a ganinmu wannan ba hanya ba ce a nan, saboda dalili biyu. Na ɗaya, za a rasa damar kunna fayil ɗaya a wuri biyu a gwada, wadda ita ce ta tona wannan kuskure cikin minti kaɗan. Na biyu ya fi nauyi: ko manhaja ba ta damu da abin da ke `r8` ba, tana iya karanta shi. Kenel da ke komawa da adireshinsa a rajista yana raba taswirar gidansa ga duk mai wucewa. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya share rajistocin da `xor` kafin fita, kuma in har za a kashe umarni shida wajen sharewa, gara a ƙara shida a adana su gaba ɗaya.

Ƙofar da aka sake rubutawa:

```
shiga_kira:
    swapgs
    mov  [gs:8], rsp
    mov  rsp, [gs:0]
    push qword 0x1b
    push qword [gs:8]
    push r11
    push qword 0x23
    push rcx
    push rax
    push rdi
    push rsi
    push rdx
    push r10
    push r8
    push r9
    push rbx
    push rbp
    push r12
    push r13
    push r14
    push r15
    mov  rdi, rsp
    sti
    call rarraba
    cli
    pop  r15
    pop  r14
    pop  r13
    pop  r12
    pop  rbp
    pop  rbx
    pop  r9
    pop  r8
    pop  r10
    pop  rdx
    pop  rsi
    pop  rdi
    pop  rax
    pop  rcx
    add  rsp, 8
    pop  r11
    pop  rsp
    swapgs
    o64 sysret
```

A ƙirga: `push` 18, kowanne bayit 8, jimilla 144. Goma sha shida tana raba 144 sau tara ba saura, saboda haka in saman sitak ɗin kenel a daidaice yake, `rsp` tana kan ninkin 16 lokacin `call`, yadda System V ta shar'anta. Duk wanda zai ƙara `push` ɗaya nan gaba sai ya ƙara na biyu ko ya rage 8 daga `rsp`.

Yanzu guzuri ɗaya ake miƙa wa `rarraba`, manunin wannan ajiya. Ita ce ke duba lambar kira, a matsayin lamba marar alamar ragi, ta tabbatar ba ta wuce tsawon tebur ba, in ta wuce ta rubuta -38. Tsohuwar ƙofar ba ta yin wannan duba ko kaɗan: manhaja ta sa abin da ta so a `rax`, kenel ya yi tsalle zuwa duk inda lissafin ya faɗa, da cikakken iko. Amsa kuma ana rubuta ta ne a gurbin `rax` na ajiyar, `pop rax` ya ɗauko ta.

Wani zai ce me ya sa ake adana `rbx` da 'yan uwanta alhali C zai riƙe su da kansa. Don komawa ta yau da kullum ba a bukata. Ana bukatarsu ranar da za a rubuta `fork`, inda sabon aiki, wato manhajar da ke gudana, zai tashi da kwafin duk rajistocin uwarsa, da ranar da za a kawo sigina. Linux yana ajiye nasa a tsarin da ake kira `pt_regs`, gurbi 21, bayit 168, har da gurbi na daban da ke riƙe lambar kiran ta asali domin a iya maimaita kiran da sigina ta katse. Tun 2018 kuma, bayan bayyanar raunin tsaro na furosesa da ake kira Spectre, yana share rajistocin bayan ya adana su, don kada ƙimar da manhaja ta dasa ta yi tasiri a cikin kenel.

Layin `push qword [gs:8]` ya kashe wani kuskuren da bai kai ga fashewa ba. Gurbin `gs:8` na furosesa ne, ba na aiki ɗaya ba. A tsohuwar ƙofar `rsp` ta manhaja tana zaune a can har ƙarshen kira. Da zarar an fara barin aiki ya yi barci a cikin `read` wani ya karɓi furosesa, na biyun zai rubuta tasa a kai, na farko ya farka ya koma da sitak ɗin wani. Yanzu ana kwashe ta zuwa sitak ɗin aikin kafin `sti`. Sharaɗin shi ne duk lokacin da aka sauya aiki a sabunta `gs:0` tare da RSP0 na TSS, tsarin da furosesa ke samun sitak ɗin kenel daga ciki, su biyun su nuna saman sitak ɗin kenel na sabon aikin. Kuma tunda `sti` ya buɗe katsewa a cikin kenel, wato damar da na'urori ke da ita ta dakatar da furosesa, dole a harhaɗa shi da `-mno-red-zone`, domin katsewar da ta zo ana zobe na 0, matakin ikon kenel, tana zuba bayit 40 a kan sitak ɗin da ake kai, daidai inda fankishin zai yi ajiyar ƙasan `rsp`.

Lambobin `0x1b` da `0x23` daga jerin GDT, teburin sassan memori, suka fito: `0x08` umarnin kenel, `0x10` bayanansa, `0x18` bayanan manhaja, `0x20` umarninta, a ƙara 3, lambar zoben manhaja. Jerin ba son rai ba ne. `sysret` yana ɗaukar lambar da ke bit 48 zuwa 63 na rajistar STAR ya ƙara 8 ya samu SS, sashen sitak, ya ƙara 16 ya samu CS, sashen umarni, don haka tilas bayanan manhaja su riga umarninta. Ƙimar STAR ɗinsu `0x0013000800000000` ce.

Da wannan ƙofa `tara` ta ba da 418 a `-O0` da `-O2` da `-O3`.

Allura ta tono garma

Malamin bai yarda a tsaya a nan ba, tunda 418 ɗin ma an yi makonni ana ganinta a kan kenel mai ɓarna. Aka rubuta manhajar gwaji da asambuli zalla: ta cika kowace rajista da wata ƙima ta daban, har da `xmm0` zuwa `xmm15` da ake lissafin lambobi masu ɗigo da su, ta ajiye kwafi, ta yi kira, ta gwada. Ana maimaitawa ga kowane kira da ke tebur, a hanyar nasara da ta kuskure, domin kowace hanya da rajistocin da take taɓawa.

Rajistocin gama-gari duk sun tsira. `open` kuwa ya dawo da `xmm0` sifili. Kuskuren nan ne dai a wata riga: a System V duk rajistocin `xmm` ba amana ba ne, GCC ya yi amfani da `pxor` da `movups` wajen share gurbin bayit 64 na teburin fayil, manhaja kuma tana ganin ba za a taɓa mata su ba. Manhajar da ke lissafin kuɗi da lambobi masu ɗigo za ta buɗe fayil ta tarar farashi ya zama sifili. A nan ba a adana su a ƙofa, sun yi yawa, `fxsave` kaɗai bayit 512 yake ci. Hana kenel taɓa su ake yi, da `-mgeneral-regs-only`, sai a adana su lokacin sauya aiki kawai.

Gwaji na gaba ya sa `std` kafin `syscall`. Nan take kwafin ya tafi da baya, ya rubuta a ƙasan wurin da aka nufa. SFMASK, mai lamba `0xC0000084`, ita ke faɗa wa furosesa tutocin da za ta kashe a shiga, kuma `0x200` kawai aka sa mata, tutar katsewa. Tutar alkibla `0x400` ta wuce yadda manhaja ta bar ta, ga shi `rep movsb` da ita yake aiki. Aka mayar da ƙimar `0x47700`, wadda ta haɗa tutar taku ɗaya ɗaya, ta katsewa, ta alkibla, IOPL, NT da AC. Manhaja ba ta rasa komai, tutocinta na asali suna `r11`, `sysret` zai mayar mata.

Aka kuma lura cewa a kira na biyun nan da ya faɗi, `rsi` adireshin kenel take nunawa. Da lambar fayil ta dace da wani buɗaɗɗen fayil, da `read` ya zuba bayanai a cikin kenel da hannunsa, domin babu inda ake duba manunin da manhaja ta kawo. Yanzu duk manuni, haɗe da tsawonsa, sai ya tsaya ƙasa da `0x0000800000000000`, in ba haka ba a mayar da -14.

Wannan iyaka ta shafi `sysret` ma. A furosesar da ke amfani da bit 48 na adireshi, bit 47 zuwa 63 dole su zama iri ɗaya. In `rcx` ta saɓa wa haka, furosesar Intel tana tayar da kuskure mai lamba 13 tun tana zobe na 0, alhali `rsp` ta riga ta koma ta manhaja, sai mai karɓar kuskuren ya yi rubutu da ikon kenel a inda manhaja ta zaɓa. Ta AMD sai ta sauka zobe na 3 kafin kuskuren ya tashi. Wannan shi ne CVE-2012-0217, wanda a 2012 ya shafi FreeBSD da NetBSD da Xen da Windows 7 mai bit 64. Hanya mafi sauƙi ta jawo shi ita ce a sa `syscall` a bayit biyu na ƙarshen rabin manhaja, adireshin komawa ya faɗa kan iyakar. Linux ba ya ba da shafin ƙarshen nan ko kaɗan, fagen manhaja a `0x7ffffffff000` yake tsayawa. Matasan sun yi haka su ma, suka ƙara da duba adireshin komawa a ƙarshen `rarraba`: in bai yi ba, a fita ta `iretq`. Shi ya sa aka jera gurabe biyar na farko a tsarin da `iretq` ke karɓa, SS, `rsp`, tutoci, CS, adireshi, ba sai an sake gina komai ba.

Wayoyin da ake gyarawa a shagunan ƙasan ɗakin nan ba su da rabin wannan rigima. A Linux na furosesar ARM mai bit 64, irin ta wayoyi, lambar kira tana `x8`, guzuri `x0` zuwa `x5` kamar na fankishin, umarnin `svc` kuma yana ajiye adireshin komawa da tutoci a rajistoci na musamman, ELR_EL1 da SPSR_EL1, yana da sitak na kenel daban. Ba a ƙwace wa manhaja komai sai `x0` da amsa ke dawowa a ciki. Amma adana sauran yana nan a wuyan ƙofa, can ma fankishin na C yana da ikon ɓata `x0` zuwa `x17`.

Abin da ya rage a kenel ɗin na Jos shi ne 'yan umarnin da ke bakin ƙofa: daga shiga zuwa `mov rsp, [gs:0]`, da kuma daga `pop rsp` zuwa `sysret`. A nan furosesa tana zobe na 0 amma a kan sitak ɗin manhaja take, kuma `cli`, mai rufe katsewa, ba ya tare NMI, katsewar da ba ta rufuwa. Maganinsa a ba NMI sitak nasa ta ɗaya daga gurabe bakwai na IST da ke TSS, haka ma kuskure mai lamba 8 da mai lamba 18. Mai karɓar NMI kuma ba zai dogara da CS wajen sanin ko an yi `swapgs` ba, tunda CS na kenel ne a duka ɓangarorin umarnin. Sai ya karanta GS_BASE, `0xC0000101`, da `rdmsr`, ya ga ko adireshin kenel ne a ciki. An rubuta gurbin IST na kuskure mai lamba 8 an gwada shi ta hanyar cika sitak da gangan. Na NMI yana jiran a haɗa shi da umarnin `nmi` na QEMU, a riƙa harba shi ana tsaye a kan kowane ɗaya daga umarnin bakin ƙofar.